Na'urar Fassara Da Tafintan Kan Iyaka: Da Wane Mudu Za A Auna Ribar?

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kan iyaka, daga nan Basunda har zuwa Gallabat da tsallaken Matamma, ya san cewa a 'yan shekarun nan an samu wani sabon baƙo da ke zama a tsakiyar ciniki, ba ya shan shayi, ba ya kuma karɓar la'ada. Wannan baƙo kuwa ba kowa ba ne illa manhajar fassara da ke cikin wayar hannu. Sai ka ga Bahaushe mai riɗi ya rubuta magana da Larabci ko da Hausa, ya miƙa wa Bahabashe mai gahawa wayar, shi kuma ya karanta da Amharanci, ya gyaɗa kai ko ya girgiza, sannan ya rubuta amsa ya dawo masa da ita. Abin da a da sai an aiki yaro ya nemo tafinta, yau ana gama shi kafin shayi ya huce.

Ganin haka ne ya sa wasu daga cikin manyan 'yan kasuwarmu suka fara tambayar ko akwai sauran amfanin tafinta. Wasu kuma ba su sallami nasu ba, amma sun zaftare abin da suke ba su, bisa hujjar cewa ai na'ura ta riga ta yi aikin, shi tafinta dubawa kawai zai yi. Su kuma tafintoci da masu fassarar takardu suna kukan cewa duban nan da ake rainawa, wani lokaci ya fi fassara daga tushe cin rai. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, to amma a kasuwa ba a raba gardama da fatar baki alhali ga sikeli a ajiye. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, nawa ne ainihin ribar da wannan na'ura ke kawowa, da wane mudu aka auna ta, kuma aljihun wa take shiga?

Sana'ar da muka gada

Idan mai karatu bai manta ba, Gallabat kasuwa ce tun kafin zuwan Turawa, kuma waɗanda suka raya ta su ne mutanen da Larabawa ke kira Takarir, wato mutanen yamma da suka taso da niyyar aikin Hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, wani babban ayari ya sake biyo hanyar gabas, har ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kusa da Sinnar. Tun daga wancan zamani jarin da mutanenmu ba su taɓa rasawa ba shi ne baki: Hausa a gida, Larabci a kasuwa, wasu kuma su ƙara da Amharanci saboda hulɗa da tsallake.

A yau ma gidaje da yawa a jihar Gadarif da wannan jari suke ci. Akwai dillalai da ke haɗa mai kaya da mai saye, akwai masu fiton kaya a kwastan, akwai masu rubuta wa jama'a takardun ƙara a bakin kotu, waɗanda ake kira ardahalji, akwai kuma masu tsayawa tsakanin manomi da 'yan ƙwadagon Habasha da ke tsallakowa lokacin yankan riɗi. Da yaƙin Tigray ya ɓarke a watan Nuwamba na 2020 aka sake buɗe sansanin Um Rakuba, ƙungiyoyin agaji sun ɗauki tafintoci da dama. Haka nan da yaƙin da ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya koro jama'a suka yi ta tsallakawa ta Gallabat, wanda ya iya harshe biyu ya zama abin nema.

Ita kuwa na'urar, shigowarta cikin harsunanmu ba ta daɗe ba. Kamfanin Google ya fara fassara a 2006, kuma Larabci na cikin harsunan farko. Hausa ba ta shiga ba sai a Disambar 2013, Amharanci a Fabrairun 2016, harsunan Tigrinya da Oromo kuma sai a Mayun 2022. A Yulin wannan shekara ta 2022 ne kamfanin Meta, mai Facebook, ya fito da nasa tsarin mai harsuna 200, ciki har da Hausa da Amharanci da Tigrinya. Ke nan sai a baya-bayan nan ne duka harsunan kan iyakarmu suka haɗu a cikin aljihu ɗaya.

Abin da masu bincike suka auna

A ƙasashen Turai da Amurka, inda fassara ke da kamfanoni da farashin kowace kalma, an daɗe ana wannan gardama, kuma sun yi ƙoƙarin raba ta da agogo. Yadda suke yi shi ne, a ba ƙwararren mai fassara aiki iri biyu. A na farko ya fassara da kansa daga tushe. A na biyu na'ura ta fara fassarawa, shi kuma ya bi ya gyara. Sai a ƙirga kalmomin da ya gama a cikin awa ɗaya a nan da can.

Binciken da ya fi yin suna shi ne wanda kamfanin Autodesk, mai ƙera manhajojin zanen gine-gine, ya fitar a 2010. An gwada masu fassara 12 da ke juya takardun kamfanin daga Ingilishi zuwa Faransanci, Italiyanci, Jamusanci da Sifaniyanci. Sakamakon ya nuna cewa a matsakaici yawan aikin da suke gamawa ya ƙaru da kashi 74 cikin ɗari. To amma a cikin wannan matsakaici akwai wanda nasa ya ƙaru da kashi 20 kacal, akwai kuma wanda ya kai kashi 131.

A nan akwai wani lissafi da ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganewa. Ƙarin aiki da kashi 74 ba ya nufin lokaci ya ragu da kashi 74. Idan a da kana auna buhu 100 a yini, yanzu kana auna 174, to buhu 100 ɗin nan za su ci maka fiye da rabin yini har yanzu. Ragin lokacin kashi 43 ne, kuma masu binciken da kansu sun faɗi haka. Wato aikin awa 10 ya koma kusan awa 5 da minti 45. Alƙaluman biyu abu ɗaya suke faɗa, sai dai mai talla kullum babban yake ɗauka.

A 2013 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun yi nasu gwajin, daga Ingilishi zuwa Larabci, Faransanci da Jamusanci. Su ma sun samu cewa gyaran fassarar na'ura ya fi sauri, har ma ingancin aikin ya ƙaru. Amma sun lura da wani abu, cewa da zarar mai fassara ya ga abin da na'ura ta rubuta, sai tunaninsa ya karkata gare shi, aikinsa ya riƙa kama da nata. A cikin shekarar dai, wasu masana a Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan suka ce bari su gwada a irin yanayin da mai fassara ke aiki a kullum, da kayan aikinsa da ya saba da su. Da aka yi haka sai ragin lokacin ya tsaya tsakanin kashi 15 zuwa 20. A 2019 kuma aka sake gwadawa da sabuwar na'ura a kan takardun wani banki na ƙasar. Daga Jamusanci zuwa Faransanci saurin ya ƙaru da kusan kashi 60, amma daga Jamusanci zuwa Italiyanci kashi 9 kawai. Banki ɗaya, takardu iri ɗaya, amma da harshe ya canja sai riba ta canja.

Tun a 2001 wani masani Bajamushe mai suna Hans Krings ya ja hankali cewa wahalar gyaran fassarar na'ura kashi uku ce. Akwai lokacin da aka ɓata, akwai yawan gogewa da sake rubutu, sannan akwai gajiyar ƙwaƙwalwa. Agogo na farkon kawai yake iya gani. Wanda ya taɓa tsince tsakuwa daga cikin riɗi ya san cewa buhun da tsakuwarsa ta yi kala ɗaya da riɗin ya fi gajiyar da ido, ko da ba ta da yawa.

Mudunsu ba namu ba ne

Wani abin lura a nan shi ne, duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne daga Ingilishi ko Jamusanci, a kan rubutu mai tsafta. A Autodesk ma an horar da na'urar ne da tarin tsofaffin fassarorin kamfanin kansa, wato ta riga ta san gidan. Ita na'ura ba jin harshe take yi ba, koyo take daga ɗimbin rubutun da aka riga aka fassara, don haka harshen da ya fi yawan rubutu a intanet shi ya fi samun kyakkyawan aiki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2021 a kan takardun umarnin da likita ke ba majiyyaci idan za a sallame shi ya nuna haka ƙarara: fassarar Google ta yi daidai da kashi 94 a Sifaniyanci, amma a harshen Armeniya kashi 55 kacal.

Mu kuwa a nan, Larabcin da muke ciniki da shi ba shi ne na littafi da labaran talabijin da na'ura ta fi sani ba, Larabcin Sudan ne na baka. Hausarmu ma ta sha Larabci, ba ita ce Hausar jaridun Kano da Kaduna ba. Yawancin maganarmu saƙon murya ne a WhatsApp ko rubutun hannu a bayan kwali. Bugu da ƙari, tsakanin harsuna irin Hausa da Amharanci babu wadataccen rubutun da aka fassara kai tsaye, don haka galibi Ingilishi ne gadar da maganar ke bi. Kaya kuwa idan aka sauke su aka sake lodi a hanya, da wuya su iso ba tare da wani buhu ya fashe ba.

Ramuka huɗu a bakin iyaka

Babban haɗarin ma ba ya cikin kalmomin da na'ura ta kasa fassarawa, domin waɗannan kowa zai gani ya yi dariya. Haɗarin yana cikin waɗanda ta fassara daidai, amma ma'anarsu a nan daban, a tsallake daban.

Na farko shi ne awo. Kintar ɗin da ake sayar da riɗi da shi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif ratali 100 ne, wato kusan kilo 45. Kuntal ɗin Habasha kuwa kilo 100 ne cif. Sunan kusan ɗaya ne, kuma a ƙamus fassararsu ɗaya ce. A ɗauka wani Alhaji a nan ya yi alƙawarin kintar 200 ta waya, shi yana nufin tan 9, abokin cinikinsa a Matamma kuma yana jiran tan 20. Tan 11 ke nan a tsakaninsu, alhali na'ura ba ta yi kuskuren ko harafi ɗaya ba. Tafintan da ya san aikinsa ba zai bar wannan kalma ta wuce ba sai ya tambaya: na wace ƙasa?

Na biyu shi ne kuɗi. A 1992 aka kawo dinari a madadin fam, kowane dinari fam 10. A 2007 aka dawo da sabon fam, wanda ya yi daidai da dinari 100, wato tsohon fam 1,000. Takardar kuɗi ta canja amma bakin mutane bai canja ba. Shi ya sa har gobe za ka ji mutum ya ce miliyan alhali fam dubu yake nufi, ya ce miliyar yana nufin miliyan. Ɗan gari ya san da wane lissafi ake magana daga irin kayan da ke gabansa. Na'ura kuwa miliyan za ta rubuta wa baƙo, shi kuma ya ɗauki alƙalami ya juya shi zuwa bir.

Na uku shi ne agogo. Mutanen Habasha daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don haka ƙarfe 7 na safe a wurinsu ƙarfe 1 ne. Sannan tun ranar 1 ga Nuwamba, 2017 da Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya, Habasha na gabanmu da awa guda. Idan direba daga Gondar ya ce zai iso gada da ƙarfe 2 na safe, ba tsakar dare yake nufi ba. Ƙarfe 8 ne a agogon da duniya ta sani a can, wato ƙarfe 7 na safe a namu. Wanda ya bi fassarar waya zai kwana a bakin gada da 'yan dako yana biyansu kuɗin jira.

Na huɗu shi ne kwanan wata. Shekarar Habasha wata 13 ce, sha biyu masu kwana talatin-talatin, da wani ɗan ƙarami mai suna Pagume mai kwana 5 ko 6. Sabuwar shekararsu a watan Satumba take, kuma suna bayan lissafin Turawa da shekara 7 zuwa 8. Mai karatu zai tuna cewa sai a Satumbar 2007 suka yi bikin shiga shekara ta 2000. Saboda haka takardar da aka rubuta wa 1/2/2017 a can, ba ta 1 ga Fabrairun 2017 ba ce, ta 11 ga Oktoban 2024 ce. Wanda bai sani ba zai iya ƙin karɓar lasisi mai rai yana zaton ya mutu, ko ya yi kuskuren ranar biyan bashi.

Ban da waɗannan akwai kalmomin yau da kullum. Aish a bakin manomin Gadarif dawa ce, a Masar burodi ne, a Larabcin littafi kuma rayuwa. Shail a ƙamus ɗauka ne, amma a ƙauyukanmu bashi ne da ake ci da damina a biya da amfanin gona da kaka, kuma gonaki da yawa sun salwanta a dalilinsa. Idan ana ganin wannan ƙaramin abu ne, a tuna abin da ya faru a Oktoban 2017, lokacin da 'yan sandan Isra'ila suka kama wani Bafalasɗine lebura saboda ya rubuta barka da asuba da Larabci a Facebook, na'urar kamfanin ta fassara shi da cewa a kai musu hari. Sai da aka yi masa tambayoyi na sa'o'i kafin a sake shi, kamfanin kuma ya nemi afuwa daga baya.

Tafinta ma ɗan Adam ne

Kada mai karatu ya ɗauka wanke tafinta muke son yi. Fassarar da ta fi kowace jawo zubar da jini a wannan yanki ba na'ura ce ta yi ta ba. A Mayun 1889 Sarki Menelik na Habasha ya ƙulla yarjejeniyar Wuchale da Italiya, aka rubuta ta cikin harsuna biyu. A sashe na 17, kwafin Amharanci ya nuna cewa sarkin yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe idan ya ga dama, shi kuwa kwafin Italiyanci ya mai da abin dole. Wannan saɓani ne ya kai su ga yaƙin Adwa a ranar 1 ga Maris, 1896. Kwafi biyu, sa hannu ɗaya, ma'ana biyu.

A kasuwanninmu ma ba mu rasa jin labarin tafintan da ya ci ta gaba ya ci ta baya, ya faɗa wa mai kaya farashi ɗaya, ya faɗa wa mai saye wani, ya soke bambancin a aljihu. A nan kam na'ura ta kawo alheri da babu binciken da ya auna shi, domin ta ba ɗan kasuwa ido na biyu. Yanzu yana iya ɗaukar hoton takarda ya ga inda ta dosa kafin tafinta ya buɗe baki, kuma tafintan da ya san ana iya bin sawunsa dole ya shiga taitayinsa. Haka kuma ƙaramin ɗan kasuwa, da matar da ke sayar da tafarnuwa da citta a tire, waɗanda dama ba su taɓa iya biyan tafinta ba, su ba a rage musu lokaci ba ne, ƙofa aka buɗe musu.

Sai dai akwai abin da ya raba su. Idan ciniki ya ɓaci, tafinta yana da gida, yana da surukai, yana da masallacin da yake salla, ana iya kiransa gaban shugabannin kasuwa ya maimaita abin da ya ji da kunnensa. Shi ba mai juya magana kawai ba ne, shaida ne, kuma sau da yawa shi ne lamuni. Addininmu ma da ya yi umarni a rubuta bashi, ya haɗa da a kafa shaidu. Waya kuwa ba ta rantsuwa, ba ta zuwa kotu, ba ta biyan diyya. Kuma ba kullum take nan ba. A Fabrairun 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a kusan duk faɗin Sudan, hatta masu biya ta Bankak suka yi cirko-cirko, yayin da a yankin Amhara aka yi watanni babu intanet a waya bayan rikicin da ya tashi a Agustan 2023. A waɗannan ranaku, wanda ya sallami tafintansa ya san kurensa.

Aljihun wa ribar take shiga?

Mu ma da muke aikin rediyo wannan batu bai bar mu ba, domin kullum sai mun juya sanarwa da labarai daga Larabci zuwa Hausa. Abin da muka gani shi ne, idan sanarwa ce ta hukuma mai tsari ɗaya, na'ura kan ba mu daftarin farko cikin ƙiftawar ido, kuma hakan na rage mana wahala. Amma da zarar an zo karantawa a gaban makirfo sai a ji Hausar ba ta zauna ba, dole a warware jimlolin a sake ɗinka su yadda tsohuwa a ƙauye za ta gane. Idan kuwa sanarwar ta ƙunshi rana da wuri da adadi, kamar ta rigakafi ko ta rabon iri, to sai mun bi ta layi-layi da asalin Larabcin a hannu, ka ga an yi karatu biyu maimakon ɗaya. Hannu ya huta, amma ido da kai ba su huta ba.

Wannan shi ne abin da mai biya ba ya gani. A Turai kamfanoni sun ɗauki alƙaluman saurin nan suka mai da su hujjar rage farashin kowace kalma, ba tare da la'akari da cewa wani ya samu kashi 131 wani kuma 20 ba. Wani bincike da ƙungiyar marubuta ta Birtaniya ta yi a tsakanin 'ya'yanta a farkon 2024 ya nuna kashi 36 na masu fassarar da suka amsa sun rasa wani aiki saboda sababbin na'urori, kashi 43 kuma sun ce abin da suke samu ya ragu. Alhali ƙa'idar da hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar a 2017 a kan gyaran fassarar na'ura ta tanadi cewa mai gyaran ya kasance yana da ƙwarewa irin ta cikakken mai fassara. Wato ana neman ilimi cikakke, ana son biyan rabi.

Idan muka kwaikwayi wannan a nan, sakamakon a bayyane yake. Tafintan da aka rage wa lada zai rage duba. Zai karanta sama-sama, ya ce ya yi, kuma idan kintar ya zama kuntal ba shi zai yi asarar tan 11 ba. Nagartattun cikinsu za su koma wata sana'a, yara kuma ba za su koya ba, sai ranar da aka shiga rigima a nemi mai warwarewa a rasa. Bahaushe dai ya ce araha ba ta ado.

Mu auna da namu mudun

Shawararmu ga 'yan kasuwa ita ce kada kowa ya ɗauki alƙaluman wata ƙasa ya yanke hukunci da su. Littafin da ake rubuta bashi a ciki ya isa. A ware shafi guda na tsawon kaka ɗaya, duk aikin da ya buƙaci fassara a rubuta abu huɗu: wane irin aiki ne, da me aka yi shi, tsawon lokacin da ya ci, da abin da ya biyo baya. Kuma agogon kada ya tsaya a lokacin da waya ta fito da rubutu. Ya tsaya a lokacin da ɗaya ɓangaren ya fahimta, kaya suka sauka, kuɗi suka shiga hannu. Kiran wayar da aka sake yi don gyara rashin fahimta, da kwanan da mota ta ƙara a tasha, da tarar da aka biya a kwastan, duk su shiga lissafin. Minti 20 da aka tsira da su sau hamsin ba za su biya mota ɗaya da ta dawo da kaya ba.

Wanda ya yi haka, muna kyautata zaton zai ga aikinsa ya rabu gida uku. Gaisuwa, tambayar farashi da neman hanya, na'ura ta isa, kuma kuskure a nan dariya ce kawai. Takardun da ake maimaitawa, kamar jerin kaya da rasit, na'ura ta fara tafinta ya kammala, kuma a nan ne kawai rangwame ke da hujja, shi ma bayan an auna an gani, a raba ribar tsakanin mai aiki da mai biya. Amma yarjejeniya, bashi, shail, jingina, takardar kotu da umarnin shan magani, waɗannan na mutum ne da shaidu, kuma a biya shi cikakken ladansa ko da ya leƙa waya.

Sannan ko da wa aka yi aikin, a rubuta nauyi da kilo, kuɗi da lambobi cikakku tare da sunan kuɗin, kwanan wata da lissafin ƙasashen biyu, awa kuma a faɗi ko ta agogon Gadarif ce ko ta Habasha. Kada a dogara da dabarar mayar da fassara baya don a ga ko ta dawo daidai, domin kintar zai je ya dawo kintar lafiya lau, alhali a tsallake an karanta shi kilo 100. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma za su yi babban taimako idan suka zauna da tsofaffin tafintoci aka rubuta ɗan jerin kalmomin awo, kuɗi da bashi cikin Hausa, Larabci da Amharanci, aka manna a rumfuna.

Su kuma tafintoci, faɗa da na'ura ba zai kai su ko'ina ba, idan kiɗa ya canja dole rawa ta canja. Su koyi aiki da ita, su san inda take tuntuɓe, su daina sayar da yawan kalmomi su koma sayar da abin da ba ta da shi, wato sanin gari da ɗaukar alhaki. Wanda zai iya cewa Alhaji, na duba, in an samu matsala ni za a kama, ba zai rasa mai neman sa ba.

Kakar riɗi ba ta jira, kuma a cikinta ne ake ƙulla mafi yawan cinikin da ke ɗaga mutum ko ya durƙusar da shi. Kafin a sa hannu a kowace takarda, a tambayi kai wanda za a kira idan ta ɓaci. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasa da kan iyaka, amin.